Sabuwar sandar kamun kifin bas: ta cika tauri ne ko haka suke?

MaiFatsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Na samu sabuwar sanda irin wadda ril ɗinta, wato na'urar naɗe zare, ke zama a sama, mai kunama a ƙasan mariƙi kamar ta bindiga, tsawonta ƙafa 7, an rubuta MH (wato ƙarfinta ya ɗan ɗara matsakaici) da Fast a jiki, zare mai jure nauyin fam 10 zuwa 20, nauyin ƙoto giram 7 zuwa 21. Abin da ya fara burge ni ba ta da nauyi ko kaɗan, da sinadarin girafait aka yi ta, kuma wallahi idan dalma ta taɓa ƙasan ruwa a tafin hannuna nake jin dutse ne ko taɓo ko ciyawa, ko kifi ya ɗan tsotsi tanar roba ya saki sai na ji. Matsalata wurin jifa ne. Da na ɗaura ƙaramin ƙoto ba ya zuwa ko'ina, sai zaren ya cukurkuɗe a kan kwarkwaron ril in zauna ina warwara. Shin sandar ce ta cika tauri ko dama haka irinta suke?

DanRuwa:
Wa alaikumus salam malam. Ƙoton naka giram nawa ne? don nan maganar take. Wannan giram 7 da suka rubuta ba ado ba ne, sanda sai ta lanƙwasa lokacin jifa sannan ta dawo ta cilla ƙoton, to idan ka saka abin da bai kai nauyin ba ba za ta lanƙwasa ba, kai kuma sai ka ƙara ƙarfin hannu ka fizga, kwarkwaro ya yi gudu fiye da yadda ƙoto ke jan zare, shi ke nan ya harɗe. Ka fara da giram 14. Ka ɗaure ɗan makunnin da ke gefen hannun ril har sai ka ga idan ka danna maɓallin sakin zare ƙoton yana sauka a hankali, yana taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya. Birkin ril ɗin ma, mai rage gudun kwarkwaro, ka ƙara shi sosai tukuna, daga baya ka riƙa ragewa kaɗan kaɗan. Kuma babban yatsanka kar ya bar kan zaren, ka taka shi kafin ƙoto ya faɗa ruwa.

MaiFatsa:
Na gode ƙwarai ɗan uwa, wajen giram 5 ne har da ƙugiya. Zan gwada mai nauyin.

BabaMasunci:
Yaro sandarka lafiyarta lau, aikinta ne daban. Fast ɗin nan yana nufin can kusa da kanta kawai take lanƙwasa sauran jikin na tsaye, kuma an yi haka ne saboda ƙugiya guda mai kauri irin ta jig (ƙugiya mai kan dalma) da tanar roba, wadda sai ka buga da ƙarfi kafin ta huda bakin bas, sannan ka janyo shi daga cikin ciyawa ko reshen itace kafin ya naɗe maka zare. A wannan aikin ni ban ga tsawo da ƙarfin da ya fi wannan ba. Amma ƙoton katako ko na roba mai ƙugiya baki uku da ake ja yana rawa, wannan ya fi son sanda mai laushi, har wasu ke komawa sandar da aka yi da faiba maimakon girafait, domin bas idan ya yi tsalle yana girgiza kai ƙananan ƙugiyoyin nan fita suke idan sanda ba ta lanƙwasa ta bi shi ba. Ƙaramin ƙoto mara nauyi kuwa ka bar wa sanda mai ril a ƙasa, kar ka wahalar da kanka.

UmmuTafki:
Baba ya gama magana. Ni dai abu ɗaya zan ƙara tunda girafait ce, kar ka ɗaga kifi da ita ka miƙar da ita tsaye cak sama, nan take kanta yake karyewa, kuma ka kiyaye ta daga ƙofar mota da buguwa da dalma don ƙaramin rauni a jiki ya isa ya jawo ta ɓalle daga baya. Wane zare ka saka ma? idan fulorokabon ne yana da tauri kuma idan ya harɗe ya kan raunana, gara ka koyi jifa da zaren roba na yau da kullum fam 12 ko 15 kafin hannunka ya faɗa.