Me za mu kira surrealism da Hausa?

1/ Jiya ina fassara wani labari kan cinikin zane-zane, sai kalmar surrealism, sunan wani salon zane, ta tsaya mini a wuya. Na tambaya a zaurenmu na masu fassara, amsoshi uku suka fito: zanen almara, zanen aljanu, zanen mafarki. Ga inda na tsaya.

2/ Kalmar daga Faransanci take. Mawaƙi Apollinaire ne ya ƙirƙiro ta a 1917, André Breton ya kafa mata sharuɗɗa a Faris a 1924. Ma'anarta abin da ya ɗara zahiri. Larabawa ba su wahalar da kansu ba, suka ce suriyaliyya.

3/ Zanen aljanu dai na ajiye shi gefe, kada mu tsorata mai saye.

4/ Almara ce ta fi jan hankalin mutane, kuma na gane dalili. Masu wannan salo, na da da na yau, suna son jaruman tatsuniyoyin Girka. Har mujallarsu ta 1933 sun raɗa mata sunan Minotaure, dodon nan mai kan bijimi da jikin mutum. To amma almara tana faɗa mana abin da aka zana ne kawai. Ba ta faɗi yadda aka zana shi ba. Mai zane zai iya zana Gizo da Ƙoƙi tsaf yadda kaka ta siffanta su, babu wani surrealism a ciki.

5/ Ku dubi zanen Narcissus na Salvador Dali, na 1937. Narcissus, saurayin tatsuniyar Girka da ya kamu da son inuwarsa, yana durƙushe bakin ruwa. A gefensa ga hannun dutse mai siffarsa sak, riƙe da ƙwai, fure na fasowa daga ƙwan. Gwiwa ta koma yatsa, kai ya koma ƙwai. Haka mafarki yake yi. Shi ya sa Dali ya ɗauki zanen ya kai wa Freud, masanin tunanin ɗan Adam da ya shahara kan nazarin mafarki, a Landan a 1938.

6/ Sai dai mafarki kaɗai ya yi sako-sako. Wanda ya zana tsagewar ƙwan nan ba gyangyaɗi yake ba. Don haka nake ba da shawarar salon mafarkin ido biyu. Mai yin sa kuwa, mai zanen mafarki ya wadatar.

7/ Wajen kuɗin ma akwai tarko. A Mayun 2024 an sayar da zanen Leonora Carrington na 1945 a kamfanin cinikin zane-zane na Sotheby's kan dala miliyan 28.5. Na kira wannan ciniki gwanjo, wani ya ce mai karatu zai tuna tulin riguna a kasuwa. Na bar ta duk da haka, don asalin ma'anarta ke nan. Aikin masanin da ke duba sa hannu da hannayen da zanen ya bi kafin a fara tayi, na kira shi ƙiyasin daraja.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi karatu da Faransanci, yaya malamanku suke faɗin ta?