Jaririn ƙanwata: wata 2 ba sakamakon gwajin sida

Yayar Maijego, Maradi: Salamu alaikum. Ƙanwata na da sida, a gida ta haihu. An ɗebi jinin jaririn a dunduniya, yau wata 2 shiru. Hankalina ya tashi, mene ne dalili?

Ungozoma: Yaya, gwajin manya ba ya tabbatar da komai kafin wata 18, don garkuwar uwa na jinin yaro. Sai PCR, gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta: a busar da jinin a takarda, a aika babban ɗakin gwaji. Can ake daɗewa. Ki koma inda aka ɗebi jinin ki matsa. In ba magani, kusan rabin jariran da suka kamu ba sa kai shekara 2.

Malamar ƙauye: Mu nan matsalar kuɗin kabu-kabu ce, sai tsoron maigida ya ga kwalbar magani ya tambaya.

Ungozoma: Kada ƙanwarki ta bar shan maganinta, Yaya.