Neman shawara: Na je Agadas kallon Etran de L'Aïr, na dawo Baffa ya karɓe makullin shago

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara shida ina sauraron Etran de L'Aïr, wato taurarin Abzin, masu kiɗan rok na Sahara daga Agadas. Wani direba ɗan Nijar ne ya fara tura min kiɗansu a Kwangila, tun ranar kullum shi ke tashi a wayata. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙani da 'ya'yan dangi, tun 1995 suke kiɗa a gidajen biki. Da farko jita ɗaya gare su, maimakon ganga ƙwarya suke bugawa da takalmi. Yau har Turai da Amurka ake gayyatarsu.

To direban nan ne zai yi wa ƙanensa aure, ya ce min su za su yi kiɗan. Na roƙi Baffa izinin kwana uku, shi ke da shagon kayan wuta da nake tsarewa a Sabon Garin Zariya. Na bi ta Kano, Daura, Kongolam, na kwana Damagaram, washegari muka kama hanyar Tanut zuwa Agadas.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakiyar layi, aka tayar da janareta, aka ɗora sifika biyu a kan benci. Ba dandamali, ba tikiti. Tsakanina da mai jitar bai fi taku uku ba, ina ganin yatsunsa da ƙurar da ta kwanta a jikin tsirkiya. Jita ɗaya ta riƙe zance guda tana ta nanatawa, ta biyu ta hau kanta, mai ganga yana ƙara wuta kaɗan kaɗan, har mata suka rangaɗa guɗa, ƙura ta tashi ta dushe fitila. Ba na jin Tamashek, amma wallahi sai da na share hawaye. A waya ban taɓa sanin kiɗan yana dukan ƙirji haka ba.

Matsalar ita ce kwana tara na yi. Na dawo na tarar Baffa ya ba wani yaro makullin, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Akwai kuma maganar wasu kuɗi. In ɗauki manya mu je ban haƙuri, ko in kama gabana? Don gaskiya raina yana kan koyon jita.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu labarin ƙura da guɗa, amma ka tsallake kuɗin. Na wa ne, nawa ne? Kuma me ya mai da uku tara?

Injiniya na Kongo: Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, ka yi kuskure babba. Gobe bayan sallar asuba ka ɗauki limamin unguwarku da kawunka, ka durƙusa a zauren Baffa, kada ka bari kalmar jita ta fito daga bakinka. Wanda ya damƙa maka makulli amana ya ba ka. Ka ma gode Allah. Ka manta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka sai Maris 2024? Da irin wannan ta rutsa da kai a can fa? Ni na san abin da nake faɗa, shekara ashirin ina riƙe yara a wajen aiki. Jita ba ta ciyar da gida a Zariya.

Ɗan Tudun Wada: Yaya Injiniya, ba da gangan na daɗe ba. Zuwa kaɗai ya ci kwana biyu, a dawowa motarmu ta lalace bayan Tanut, kuma layina ba ya aiki a can. Mama, kuɗin dubu tamanin ne daga cinikin mako. Da na canza zuwa sefa sai suka zama ba komai. Aro na yi, na rubuta a littafin shago da hannuna. Ɓarawo ba ya rubutawa.

Ɗan Samaru: Ni ban ga abin tayar da hankali ba. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko saboda gidansu ba sa so, yau duniya ta san shi. Bombino ɗan Agadas ya shiga takarar kyautar kiɗa ta Grammy a 2019. Abokina, biya kuɗin Baffa, ka nemi jita ta hannu ka fara. Kada ka yi shekara arba'in kana cizon yatsa kamar ni, da aka fasa min gurmi ina aji uku, har yau ban manta ƙarar ba.

Hajiya mai atamfa: Ku dai maza haka kuke. Ɗan yayata na sa a shagona, ya ce min zai je ɗaurin aure Funtuwa, ashe ƙwallo ya tafi kallo Kaduna. Ranar na rasa kwastoma mai kayan lefe akwati biyar. Uwarsa kuma ni ta ɗora wa laifi, har yau ba ma shiri, ko sunan jikarta ba ta gaya min ba. Ba wanda ke tambayar yadda mai shago ya kwana.

Injiniya na Kongo: Ɗan Samaru, kada ka kai yaron nan ka baro. Mutum nawa ne suka ɗauki jita a Agadas, nawa ka san sunansu? Kai kuma ƙanena, aron da mai kuɗi bai sani ba ba aro ba ne, ko ka rubuta da ruwan zinare. Sayar da wayarka, kai kuɗin a hannu.

Maman Ummi: A'a, kada a tara masa liman tukuna, Baffa zai ga an tona asirin gida. Mahaifiyarka ta fara yi masa magana a cikin gida. Ta san zancen kuwa?

Ɗan Tudun Wada: Ba ta sani ba, tana fama da hawan jini. Wayar kuma ba zan iya sayarwa ba, bidiyon daren nan duk a ciki yake. Na san na ɓata wa Baffa, amma in na durƙusa na ce na yi nadamar zuwa, ƙarya zan yi masa. Shekara bakwai ina buɗe shagon nan ƙarfe bakwai, ban taɓa neman ko yini ɗaya ba sai wannan.

Ɗan Samaru, a ina ake samun jita ta hannu, nan Zariya ko sai Kano?

Injiniya na Kongo: Ka ga irinta ko? Muna maganar makulli, yana tambayar jita.