Kifin kwaɗo: dafi gare shi ko cizo?

Sarkin Ruwa: Magana ta taso cewa duk kifin kwaɗo, wannan mai faffaɗan kai da ke kwance a ƙasan ruwan gaɓar teku, ƙayarsa na da dafi. Ni ban yarda ba. Ku duba nau'insa da ake kira Opsanus tau na gaɓar gabashin Amurka: ƙayoyi 3 na gadon bayansa a toshe suke, babu rami a ciki. Ta ina dafin zai bi?

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, to me ya sa masuntan Birazil suke tsoronsa haka?

Malama: Wancan wani ne daban, ɗana. Thalassophryne nattereri kenan, na arewa da arewa maso gabashin Birazil, suna ce masa niquim. Ƙayoyinsa 4: biyu a gadon baya, ɗaya a kan kowane murfin numfashi na gefen kai. Kowace da rami a ciki kamar allurar sirinji, kuma gindinta na haɗe da jakar dafi. Yana binne kansa cikin yashi ko taɓo a ruwa marar zurfi. Da ƙafa ta danne shi, nauyin mutum ne ke matse jakar, dafin ya haura cikin nama. Shi bai kai wa kowa hari ba, taka shi aka yi.

Sarkin Ruwa: Kin gani, Malama? Maganata kenan. Dangi ɗaya, makami daban. Na Amurka haɗarinsa a baki yake. Haƙoransa dakusassu ne, amma muƙamuƙin da ke farfasa ƙaguwa ba zai ji tausayin yatsa ba. Ga shi ba ya saurin mutuwa in an fitar da shi daga ruwa, sai a ɗauka ya gama, a kai hannu cire ƙugiya. Filaya ake sa wa, ko a yanke zaren kawai. Namijin ya fi faɗa lokacin da yake gadin ƙwai, kusan wata guda, a ƙarƙashin dutse ko cikin gwangwanin da aka yar.

Likita: Yallaɓai, kada ka wanke na Amurka tas daga laifi. Ba shi da ɓawo, jikinsa duk yauƙi, mazauninsa taɓo. Ƙaya ko da toshasshiya ce, in ta huda fata tana shigar da ƙwayoyin cuta, wurin ya kumbura, mutum ya rantse dafi ne. Na Birazil kuwa zafi nan take, sai kumburi, wani lokaci naman wurin ya mutu, miki ya daɗe bai warke ba. A tsoma wurin cikin ruwan zafi da bai wuce digiri 45 a ma'aunin Celsius ba, minti 30 zuwa 90. A fara gwada ruwan da lafiyayyen hannu, domin ƙafar da ke raɗaɗi ba ta gane ƙuna. Ban da ɗauri, ban da tsaga. A wanke, a je asibiti a duba ko guntun ƙaya ya rage, a yi rigakafin tetanus.

Ɗalibi: To mai tafiya cikin ruwa ta yaya zai bambanta su?

Malama: Ba zai iya ba, dukansu sun saje da ƙasa. Takalmi mai kaurin tafi, sannan ya riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa.

Sarkin Ruwa: Na karɓi batun takalmi. Amma "duk" ɗin nan dai a cire ta.