Neman shawara: zomanyata mai tsohuwar mura ce, ga shi an kawo mana sabon zomo

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, don Allah shawara nike nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani. Ina da zomanya muna ce mata 'Yar Fara, shekararta 4 wurinmu, ba ta sayarwa ba ce, ta ɗiyata ce tun tana firamare, tsakar gida take yawonta har ɗaki take shiga. To tun bara waccan take fama da murar da ba ta ƙarewa, atishawa, farar majina, gashin ƙafafunta na gaba duk ya danƙare saboda goge hancin da take yi, wani lokacin har ido ya yi kwantsa. Sau ukku muna kai ta wurin likitan dabbobi, in anka yi mata allura sai ta lafa wata ɗaya wata biyu, hunturu na shigowa da ƙura sai abin ya dawo sabo. Likitan ya ce lallaɓa ta kawai za mu yi ta yi.

'Yar uwarta da sunka tashi tare ta mutu wata biyu da sunka wuce, tun ran nan ta koma zaman lungu, ko ganyen dankalin da take so sai ta ɗan taɓa ta bari, wallahi tausayi take ba ni. Jiya ƙanen maigidana ya ga halin da take ciki sai ga shi da namiji daga kasuwar Jega, matashi, ba zai wuce wata 6 ba. Yana cikin kwando a zaure, Ummi ta matsa mani sai an haɗa su yau. Ni kuma gabana na faɗuwa, kada ta sa mashi ciwonta ko shi ya wahalar da ita. Ya zan yi?

Baban Sadik, Argungu:
Wa alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ɗaya ce, mu masu kiwo zomo mai irin wanga mura ba mu barin shi cikin garke, yanka shi muke tun da sauran nama jikinshi. Ki bar wa yarinya sabon.

Maman Ummi:
Na gode Malam, na san haka ake yi a kiwon kasuwa kuma ban ga laifinku ba, amma wagga ba za ta yanku gidanmu ba, ko an dafa ba mai iya ci. Tana cin abinci tana tsalle in ciwon ya lafa, ba kwance take ba.

Likita, Gusau:
Hajiya kin kyauta da ba ki haɗa su jiya ba. Kada a haɗa yau, kada a haɗa sati mai zuwa. Abin da kika kwatanta ya yi kama da murar da ƙwayar cutar fasturela ke kawowa, tana ɓuya can cikin kogon hanci inda magani ba ya isa da kyau, shi ya sa take tafiya tana dawowa, kuma ƙura da zarnin fitsari da tashin hankali su ke tayar da ita. Tana yaɗuwa ta atishawa da kwanon ruwa da lasar juna. Zomaye da yawa suna ɗauke da ita ba tare da sun nuna komai ba, ƙila ma sabon yana da ita, amma ba wanda zai ba ki tabbacin ba zai kamu ba in sunka zauna tare, wannan ki sa shi a ranki tun yanzu.

Ni ma abin da ya fi damuna shi ne abin da shi zai kawo mata. Zomon kasuwa ya kwana keji ɗaya da zomaye daga ko'ina, ita kuma jikinta ba ƙwari. Akwai kirci, akwai ƙwarin kunne masu sa ɓawo cikin kunne, akwai zawo. Sannan a 2020 cutar zubar jini ta zomaye da ake ce wa RHD ta ɓulla a Najeriya, ta kashe zomaye da yawa a Kwara da Oyo, zomo na kwana lafiya a wayi gari ya mutu wani lokacin da jini a hanci, kuma tana bin takalmi da tufa da kwando. Don haka ki keɓe shi kwana 30, nesa da ita, kwanonshi daban tsintsiyarshi daban, a wanke hannu da sabulu tsakaninsu. A kai shi likita ya duba kunne da fata da haƙora, in da kirci allurar Ivomec na maganinshi.

Don Allah kuma kowa ya ji, kada a ba zomo Ampiclox ko amoksisilin ta baki, yana kashe ƙwayoyin da ke narka mashi abinci a hanji, sai zawo sai mutuwa.

Anti Hauwa, Zuru:
Likita ka manta babba, namiji ne fa! Zomanya ba ta jiran lokaci kamar akuya, barbarar ce da kanta ke sa ƙwai ya sauko, minti ɗaya ya isa, bayan kamar kwana 31 sai ki ga 'ya'ya. Mai shekara 4 da ciwo ga ciki ga shayarwa ai an gama da ita, 'ya'yan ma wurinta za su kwashi murar. Sai dai a yi mashi fiɗiya, kuma likita zai yi ba irin dandaƙar bunsuru ta gida ba.

Likita:
Gaskiyarki Anti. Kuma bayan fiɗiyar a ƙara jira sati 6, don yana iya yi mata ciki cikin wannan tsakanin, rawar kan ma ba ta sauka nan take. In ba a samu mai yi kusa ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Malam Bello, Yauri:
Ni bari in faɗi yadda na yi da nawa, shekara 9 ina kiwo. Zomo yana da kishin wuri ƙwarai, mace ma ta fi, ka jefa mata baƙo cikin kejinta sai cizo, na taɓa ganin an yaga kunne har ƙasa gidana. Bayan an gama keɓewa sai ki jera kejinsu suna ganin juna amma ki bar tazara kamar tafin hannu, in raga ɗaya ce tsakani suna cizon hancin juna ta ramin. Ki riƙa zuba masu harawa lokaci guda kowa gefenshi, sati biyu haka. In kin ga suna kwanciya kusa da raga sun miƙe ƙafa to hankali ya kwanta. Ranar haɗuwa ki kai su wurin da ita ba ta taɓa shiga ba, da sanyin safe ko bayan la'asar don zafinmu na nan shi kaɗai yana kashe zomo, minti biyar zuwa goma ya isa kina tsaye da faifai a hannu ki raba, kada ki sa hannu tsirara. Ɗan bi da hawan juna ba komai, amma in sunka fara zagaye juna da gudu gashi na tashi ki raba nan take. Kullum ki ɗan ƙara lokaci. Ran da kika ga ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan na lasar mashi goshi to an shirya.

Amma ni ra'ayina tunda tana da ciwo, ko nan gefe da gefen kika tsaya ya wadatar, tana ganin ɗan uwa tana jin motsinshi kewar za ta ragu. Sai dai ki ƙara tazarar ta kai taku biyu saboda atishawa.

Likita:
Na yarda da Malam Bello. In kuma za a gwada haɗawar, sai lokacin da murar ta lafa. Ki sa ido kan kashinta, in ya ƙanƙance ko ta yi awa 12 ba ta ci ba ta yi kashi ba, a dakatar da komai a kai ta wurin likitan dabbobi. Harawar ki kakkaɓe ƙurarta a waje kafin ki zuba, a share fitsari kullum.

Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa Ummi duka, ta yi kuka kaɗan amma ta yarda, ita ce ma ta rubuta kwanakin jikin kalanda. Mun mai da shi bayan gida ƙarƙashin darbejiya, kuma da munka leƙa kunnenshi da tocila akwai ɓawo a na hagu, gobe in Allah ya kai mu babansu zai kai shi asibitin dabbobi a tambayo har maganar fiɗiyar. Likita, kwandon da anka kawo shi ciki fa, in wanke ko in ƙone?

Likita:
In na kaba ne ki ƙone shi Hajiya, ba ya wankuwa.