Neman kalma: me za mu kira kiɗan shoegaze da Hausa?

1/
Jama'a, ina neman taimakon masu harshe. Akwai wani salon kiɗan Turawa da ake kira shoegaze, wanda ya farfaɗo a 'yan shekarun nan ta hanyar TikTok, kuma ina shirya rubutu a kan wata yarinya da ke cikin waɗanda suka farfaɗo da shi. Har yanzu ba shi da suna a bakinmu. Rap mun ce gambara, kowa ya karɓa. Wannan fa? Ina da suna a raina, amma bari in fara baje kayan kafin a shiga ciniki.

2/
Yarinyar ita ce Wisp, sunanta na yanka Natalie Lu, haihuwar 2004, 'yar birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tana cikin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a ta samu wani kiɗa da wani mai haɗa sauti da ake kira grayskies ya riga ya shirya, ta ɗora muryarta a kai. Ba ta je sitidiyo ba, da waya da iyafis ta yi aikin. A watan Afrilun 2023 ta saki waƙar da sunan Your Face, matasa suka yi ta liƙa ta a bidiyoyinsu na TikTok, kafin a ankara kamfanin Interscope ya ɗauke ta. Wannan kamfani shi ne na su Eminem da Lady Gaga, don a gane girman tsallen.

Daga nan abin ya tafi da sauri: ƙaramin kundi mai suna Pandora a Afrilun 2024, hawa dandamalin babban bikin kiɗa na Coachella a 2025, cikakken kundi If Not Winter a Agustan 2025, sannan ta riƙa buɗe wa ƙungiyar kiɗan rok ta System of a Down wasa a manyan filayen ƙwallo.

3/
To mene ne kiɗan? Wanda bai taɓa ji ba ya tsaya a nan, domin sunan da za mu zaɓa daga nan zai fito.

Jita ce ta lantarki. Amma kafin sautinta ya kai lasifika sai ya bi ta wasu ƙananan akwatuna da aka jera a ƙasa gaban makaɗi, kowanne da maɓallin da ake takawa. Feda ake ce musu. Wata tana ba sauti amsa-kuwwa mai tsawo, wata tana maimaita shi bayan ɗan lokaci, wata kuma tana dagula shi ya yi kaushi yana gurnani. In aka haɗa biyar ko goma aka taka, ba ka ƙara jin tsirkiya ɗaya-ɗaya. Amo guda ne mai kauri yake tahowa babu yankewa, ganga na tafiya a hankali a ƙarƙashinsa.

Sai murya. A waƙarmu mawaƙi ne sarki, makaɗa fadawansa, in ba a ji baiti ba an yi asarar kiɗa. A nan da gangan ake rage muryar har ta yi daidai da jita ko ta gaza ta. Wisp kusan raɗa take yi. Ka san mace ce ke waƙa, ka san waƙar ta damuwa ce, amma ko Baturen ma sai ya nemi baitocin a rubuce kafin ya san me ta ce.

4/
Sunan kuwa zolaya ce tun asali. Jaridun kiɗa na Ingila, irin su Sounds da NME, su suka raɗa shi wajen 1990, ma'anarsa masu zura wa takalmi ido. Sun ga samari a kan dandamali ba rawa, ba kallon jama'a, kai a ƙasa. Ana danganta farkon kalmar da wani wasan ƙungiyar Moose, inda mawaƙinsu ya manna baitocinsa a ƙasa yana karantawa. Sauran kuwa fedojinsu suke dubawa kada su taka wadda ba ita ba.

Manyan gidan su ne My Bloody Valentine daga Dablin, da Ride daga Okusfod, da Slowdive daga Redin, da Lush daga Landan. Kundin da kowa ke komawa gare shi shi ne Loveless na My Bloody Valentine, na Nuwamban 1991, wanda aka shafe kusan shekara biyu ana yi a sitidiyo 19. Kevin Shields, mai jitarsu, yana riƙe siririn ƙarfen da ke jikin jita yayin da yake kaɗawa, sai sautin ya riƙa lanƙwasa, yana ɗan sauka yana ɗan hawa, ba ya tsayawa wuri guda. Ƙarar wasansu ta kai har abin toshe kunne ake raba wa 'yan kallo a bakin ƙofa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 kasuwar ta mutu, kamfanin Creation ya sallami Slowdive a 1995, ba su sake haɗuwa ba sai 2014. Yau 'ya'yan da aka haifa bayan sallamar su ne ke cika musu zaure.

5/
Na ga tuni mutum uku sun rubuto "kallon takalmi". Na san wasa ake yi, amma bari in amsa da gaske don a rufe babin. Ka ce wa Bahaushe wane yana kallon takalmi, zai ɗauka ko dai a kasuwa yake, ko yana auna arzikin baƙo daga ƙafarsa. Babu kiɗa a ciki ko kaɗan. Kuma ga babban dalili: Wisp da sa'o'inta a ɗaki suka fara, a waya, masu sauraronsu kuma iyafis ne a kunne. Babu dandamali, babu jama'ar da za a ƙi kallo. Sunan Turancin hoton 1990 ne, ya zauna ne kawai don an saba. Mu da muke raɗa suna yau babu abin da ya ɗaure mu da takalmin.

6/
Wani malaminmu na Hausa, dattijo, ya kawo shawara biyu, kuma sun fi ƙarfin a wuce su da sauri. Ya ce Bahaushe yakan sa wa kiɗa suna ne da kayan kiɗan, kamar kiɗan kalangu, kiɗan garaya, kiɗan kukuma, kiɗan ƙwarya, har kiɗan fiyano na zamaninmu. Ko kuma da waɗanda ake yi wa, kamar kiɗan noma, kiɗan dambe, kiɗan fada. Don haka a ce kiɗan feda. In kuma ana son a riƙe zolayar asali, a ce kiɗan sunkuyo.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ƙa'idar haka take, ban ja ba. Inda na tsaya shi ne feda ba ta wannan salo kaɗai ba ce. Yawancin masu kaɗa jitar lantarki suna da ita, har 'yan Agadas irin su Mdou Moctar da Bombino, kuma kiɗansu da wannan ko kusa ba su haɗu ba: nasu tsirkiya ce ke gudu tana magana a fili, wannan kuwa ɓoye tsirkiyar ake yi. Da kalangu ya zama ana kaɗa shi a kowane irin kiɗa, da sunan kiɗan kalangu bai bambance komai ba.

Sunkuyo kuwa ya burge ni, Malam, har na so in sallama. Amma a wurinmu sunkuyar da kai ladabi ne da kunya. Wanda ya ji kiɗan sunkuyo zai sa ran wani abu mai taushi, ya kunna ya ji lasifika na neman tsagewa. Ga tayin sulhu: mu ajiye 'yan sunkuyo ya zama laƙabin tsokana ga makaɗan na farko, yadda jaridun Ingila suka yi nufi.

7/
Ƙanena da ya ce a bar wahala a rubuta shugez kawai, kamar yadda muka yi da rege da jaz: ƙane, rege ya shigo ne ta rediyo da kaset, mutane suka ji kiɗan suka ji sunan tare shekara da shekaru, har ya zauna. Shugez ba shi da wannan gatan. In na rubuta shi, dole in bi shi da sakin layi guda na bayani, kuma gobe in sake. Ban hana shi ba, wanda zai nemi kiɗan a intanet ma dole ya san sunan Turancin. Amma aro ba ya isa shi kaɗai a nan.

8/
'Yar'uwa da ta kawo kiɗan mafarki: kin zo kusa, sai dai wurin da mai shi. Akwai wani salo maƙwabcin wannan, na su Cocteau Twins da Beach House, wanda Turawan da kansu suke kira da sunan mafarki. Shi ya fi laushi, babu gurnanin jita sosai. A bar masa sunansa, za mu buƙace shi.

9/
Nawa shi ne kiɗan hazo.

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Maraɗi ya san safiyar da za ka hangi bishiya ka san bishiya ce amma ba ka ganin ganyenta, rana ta fito fara fat ana iya kallonta, mai babur ya kunna fitila da hantsi. Komai yana nan, an dai lulluɓe shi. Haka muryar Wisp take a cikin jita, haka tsirkiyar Shields take a cikin amsa-kuwwa. Kuma harshen ya riga ya yi mana rabin aikin, tunda muna cewa ina gani hazo-hazo. In na ce muryarta hazo-hazo take fita, babu Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani.

Abin dariya ma, San Faransisko gari ne da ya yi suna da hazon da ke tasowa daga teku, kuma kalmar wisp a Turanci siririn hayaƙi take nufi ko makamancinsa. Wannan ba hujja ba ce, dacewa ce kawai, amma na ji daɗinta.

10/
Wani bawan Allah daga Damagaram ya kawo suka mafi ƙarfi zuwa yanzu. Ya ce hazo shiru ne da shi, ba ya ƙara, alhali ni da bakina na ce har abin toshe kunne ake rabawa. Ya ce guguwa ko hadari sun fi dacewa.

Yallaɓai, na juya maganarka sosai. Guguwa tana zuwa da gudu ta yi juyi ta wuce, hadari kuma yana da tsawa, wato bugu da tsayawa. Wannan kiɗan ba ya gudu, ba ya bugu ya tsaya, sauka yake ya zauna a kanka minti huɗu ko biyar. Ƙarar hanya ce ta kai wa ga rufewa, kuma rufewar ce ke raba shi da sauran kiɗan rok masu ƙara, waɗanda su ma suna da yawa. Wanda ke sauraron Your Face a iyafis cikin dare ya rage sauti, ƙarar ta tafi, amma lulluɓin yana nan.

Sai dai sukarka ta buɗe wata ƙofa. Salon Wisp ya fi na 'yan 1991 nauyi a ƙasa, domin ta taso da sauraron ƙungiyoyin Whirr da Deftones, 'yan jiharsu, waɗanda jitarsu ke da duka. Irin wannan reshe sai mu ce hazo mai nauyi, na su Slowdive kuma hazo kawai. Da guguwa muka ɗauka, da ba mu da yadda za mu faɗi wannan bambanci.

11/
Mai tambayar me ya kai mu raɗa wa kiɗan Turawa suna: yaranmu suna jin sa a TikTok ko mun raɗa ko ba mu raɗa ba. Ni dai na fi son in iya yi musu maganarsa da Hausa.

12/
Abu ɗaya na nahawu. Kiɗan hazo nake so mu ce, ban so waƙar hazo ba, saboda a wannan salo kiɗa ne gaba, murya na biye. Gambara ta karɓi waƙa domin baki ne jarinta. Amma mutum ana iya ce masa makaɗin hazo ko mawaƙiyar hazo, masoyan kuma 'yan hazo. Na gwada su a jimla don in ji ko suna tafiya: "Slowdive na cikin tsofaffin makaɗan hazo na Ingila." "'Yan hazo sun cika zauren." "Sabon kundin nata ya rage hazo, muryar ta ɗan fito." Ta ukun ce ta fi gamsar da ni, domin kalmar ta bar zama suna kawai ta fara aikin siffantawa, abin da shugez ba zai taɓa yi ba.

13/
Malam ya dawo ya ce ya amince da hazo, da sharaɗin a farkon ambato a haɗa shi da sunan Turancin. Na karɓa, Malam, na gode. Mutumin Damagaram ya ce yana nan kan hadarinsa, Allah ya bar zumunci. Ga yadda layin farko zai fita a rubutun: "Wisp, mawaƙiyar kiɗan hazo, wato salon da Turawa ke kira shoegaze, ta saki cikakken kundinta na farko a Agustan 2025."

Saura fedojin. Mai amsa-kuwwa da mai maimaici sun samu suna, amma wadda ke dagula sauti ya yi kaushi har yanzu ina tsakanin mai gurnani da mai dagulo. Masu gyaran rediyo da masu haɗa sauti a sitidiyo, me kuke ce wa sauti idan lasifika ta fara yin haka?