Musayar waƙa: Ahmed Musa zai zo gida da rigar Kano

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum. Tunda Kano Pillars na nan tafe Jos don karawa da Plateau United, bari in buɗe fili. Ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "ba". Mai ƙarfi ya ɗauka.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Kira nake gare ku Kanawa,
Gwanin da kuke ta kurantawa,
Ba a Kano aka haife shi ba.

Ahmed Musa ɗan Bukuru ne,
Ƙurar filinmu ya sha, haka ne,
A kulob ɗin JUTH ya taso, kowa shaida ne,
Ba ku kuka koya mai gudu ba.

Amma fa yau ƙarfi ya ragu,
Za mu tsare shi ta dama da hagu,
Ya zo titin Zariya nan mu gamu,
Ba zai ga ragarmu da ido ba.

Bakanon Terminus:
Ka taɓo masu gida, sai ka tsaya ka ji.

Ɗan Gangare sannu da ƙoƙari,
Kun haifi yaro kun bar shi a gari,
Mu muka ɗauka muka yi mai shiri,
Ba ku san darajar naku ba.

Ƙwallo 18 a kaka ɗaya,
A rigar Pillars ya nuna bajinta tasa duka gaba ɗaya,
Daga nan Holan ta buɗe mai hanya,
Ba daga Jos jirgin ya tashi ba.

Kofi 4 muka kai Ƙofar Mata,
Uku a jere, ba mai musanta,
Naku guda kuke ta ambata,
Har yau ba ku ga na biyu ba.

Ga lissafi ga mai so: 2008, 2012, 2013, 2014. Ku kawo naku mu gani.

Uwar Khalifa, Anguwan Rogo:
Ku kuna ta faɗa kan wanda ya haifa da wanda ya raina. Ni ga abin da ke gabana tun Litinin.

"Umma, Musa zai zo garinmu,
Ba mu kuɗin ƙofa da na motarmu,
Mu gan shi ido da ido da kanmu,"
Ba su san nawa mudu ya kai ba.

Kuɗin ƙofa sau 3 ka tara,
Na keke zuwa da komowa ka ƙara,
Ruwan leda da rake na yara,
Bai bar na cefanen gobe ba.

Tun 2023 da tallafi ya tafi,
Kuɗin mota ya fi mu ƙarfi,
Aljihun talaka ba shi da zurfi,
Ba ƙin kallo muke yi ba.

Sarkin Yaƙin Peace Boys:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! Baitin "zurfi" kaɗai ya fi duk abin da Bakano ya rero. Waƙa a Jos take, can sai ciniki. Kai kuma Alhajin Terminus, matso kusa.

Kafin a san Pillars a duniya,
Mighty Jets ta riga ta share hanya,
1972 ta ɗau kofin Najeriya,
Ba a yanke wa taku cibiya ba.

2017 koci Boboye gwarzo,
Ya haɗa yara masu ƙwazo,
Kofi har Jos da ƙafarsa ya zo,
Ba mu jera tsofaffi a fili ba.

Sai 1990 aka kafa ƙungiyarku. Mikel Obi ma a Plateau United ya taka leda kafin Chelsea ta san da shi. Lissafi kake so, ga shi nan.

Malam Na Dilimi:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ɗan Gangare, baitinka na uku ya yi ɗingishi: ragu, hagu, sai kuma gamu. Ƙaramin amsa-amo ya karye a ɗango na uku. Alhaji Bakano, ɗangonka na "bajinta tasa duka gaba ɗaya" sai mutum ya ja numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshensa. Sarkin Yaƙi, rera ɗangon 1972 da baki ka ji, shekarar kaɗai ta cinye awon baitin. Waƙa da kunne ake auna ta. Hajiya ce kawai ta fita lafiya.

Ɗan Gangare:
Baba Malam, da girmanka, amma nan ba ajin aruli ba ne.

Malam ya iso da jan biro,
Kowane baiti sai ya sha horo,
Tambaye shi ofsaid ya koma yaro,
Bai taɓa zama gefen rana ba.

Sarkin Yaƙin Peace Boys:
Wallahi ka biya ni! A ce kada in sa shekarar da muka ci kofi saboda awo? To awon ya yi haƙuri.

Malam Na Dilimi:
Ɗana tsaya ka ji, ka saurara,
A filin Rwang Pam na sha rana da ƙura,
Na ga Jets tana yi wa manya tijara,
Tun ba ka san dama da hagu ba.

Kuma har yanzu "gamu" ba ta zauna ba.

Bakanon Terminus:
Allah ya ja kwana, Malam. Ni na karɓi hukunci a kan Jasawa ɗari bisa ɗari. Nawa ɗangon kuwa tsayinsa daidai da yawan ƙwallayen ne. Waƙar Ɗan Gangare tamkar bayan ƙungiyarsa take, ta tsakiya take yoyo.

Ɗan Gangare:
Ka karɓi na wasu ka ƙi naka? A kasuwa ma haka kake awo?

Uwar Khalifa, Anguwan Rogo:
Ikon Allah. Na kawo maganar kuɗin ƙofa, kun mai da ita gu da mu. Yaran nan har yanzu suna tsaye a kaina.

Ɗan Bukuru a Nyanya:
Yanzu na sauka daga motar Abuja na tarar da saƙonni sun taru. Ɗan Gangare, yayana, kai na zo amsawa. Ni ɗan Plateau United ne har gobe, amma ba zan zauna a ce ƙarfin Musa ya ƙare in yi shiru ba. Mutumin da ya buga wa CSKA Moscow da Leicester, ya ci a gasar kofin duniya ta 2014 ya sake ci a ta 2018, shi za ka tsare da baki?

Ajantina ta sha biyu a ƙafarsa,
Aisilan ma biyu, Rasha shaidarsa,
Ya ga Turai ya dawo ƙasarsa,
Bai ce lig ɗinmu ya yi kaɗan ba.

In ya shigo, fili cika yake,
Mai shayi da mai tsire ciniki suke,
Yaran da ke kan katanga suna leƙe,
Ba don ni da kai suka hau ba.

Hajiya kuma, maganarki ita ce magana.

Ciwon ƙofa ba talaka ba ne,
Babban mutum da ayarinsa ne,
Ya shige rumfa kyauta, wai baƙo ne,
Bai taɓa ciro ko sisi ba.

Ƙungiyoyin nan biyu duk na gwamnatin jiha ne, a kan kuɗin gwamnati suke tsaye. To me zai hana a filayenmu a bar 'yan makaranta su shiga da rabin kuɗi, masu zama a inuwa su biya cikakke? Yaron da bai taɓa jin ƙarar fili ba, gidan kallo zai tafi ya zama ɗan Arsenal, shi ke nan mun rasa shi.

Bakanon Terminus:
Madalla da ɗan Bukuru mai gaskiya. Shi ya san gwani.

Hajiya kawo yaran ni zan biya,
Sharaɗi ɗaya ne, babu wuya,
Su ce "Sai Masu Gida" gaba ɗaya,
Ba zan nemi ko canji ba.

Uwar Khalifa, Anguwan Rogo:
Alhaji mai da kuɗinka aljihu,
Ko da za ka auno su a buhu,
Yarana ba sa yi wa Kano ihu,
Ban haife su don haya ba.

Sarkin Yaƙin Peace Boys:
Ta kashe shi! A kawo ruwa a yayyafa wa Alhaji. Hajiya, kuɗin ƙofar Khalifa a wuyana yake.

Ɗan Gangare:
Na biyun nawa ne, har da na keke. Su same ni a Farar Gada bayan azahar, su sa rigar sanyi don da yamma za mu fito.

Malam Na Dilimi:
Autan ni zan biya masa. Amma Ɗan Gangare ya gyara ɗangon nan tukuna.

Ɗan Gangare:
Baba Malam, biya wa yaro kawai. "Gamu" na nan daram, ko harafi ba zan taɓa ba.

Bakanon Terminus:
Ku haɗa kuɗin, ku kai su da wuri su samu wurin zama ta bayan ragarku. A nan Musa zai yi aikin.